Gandu da gayauna

Jama'a, mu da ke haya a Gandu, kusa da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, sunan unguwar nan kullum yana tuna min wani abu. Jami'ar dai ta 2011 ce, jiya-jiya. Amma gandu a ƙasar Hausa tsohon tsari ne: 'ya'ya maza, har masu aure, suna noma gonar uba, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari.

Abin da muka manta shi ne gayauna. Uba kan yanka wa ɗansa ɗan fili na ƙashin kansa, ya noma bayan an tashi daga aikin gandu. Abin da ya girba, ba mai tambayarsa. Ya yi asara? Tuwo na nan a gida. Baturiya Polly Hill ta tarar da tsarin a Batagarawa ta Katsina, ta bayyana shi a littafinta na 1972.

Mu fa? Shekarata 24, wallahi ko kuɗin data sai na kira Baba. Kullum "kai dai yi karatu", ranar da aka gama hidimar ƙasa kuma a ce ka riƙe kanka. Ta yaya?

Hutun da ya wuce na roƙi Baba ya haɗa min kuɗin zango guda a dunƙule. Ya daɗe shiru, sannan ya ce in sun ƙare kar na kira. Na sari doya da rabi ina sayar wa maƙwabta, wasu sun ruɓe. Saura mako biyar, garin kwaki nake sha, ban kira ba tukuna.