Kwantum a ajin fizik, kwantum a ajin shimi

A lise ta Matamaye, kamar sauran makarantun sakandaren Nijar, fizik da shimi, wato kemistiri, darasi ɗaya ne, malami ɗaya ke koyar da su. Sai ɗalibi ya ci bak, ya tafi jami'a a Damagaram, Maraɗi ko Yamai, sannan ya tarar darussan biyu sun raba gari, kowane da sashensa da malamansa. Abin da ke ɗaure wa sababbin shiga kai shi ne, ilimin kwantum, mai bayanin halin ƙwayar zarra da lantarkin da ke kewaye da ita, yana cikin manhajar sassan biyu. Kowane ɓangare kuma yana ganin nasa ne na asali.

Ko sunayen jami'o'in ƙasar sun ɗauko wannan rabuwa. Ta Yamai, wadda ta soma a 1971, tun 1992 take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fizik haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci cibiyar binciken hasken rana ta ONERSOL. Ta Maraɗi kuwa sunan Dan Dicko Dankoulodo aka sa mata, masanin shimi da ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi.

Asalin maganar a gidan fizik take, wannan ba gardama. Max Planck ne a 1900 ya ce makamashi yana fita ne a ƙulle-ƙulle. Einstein a 1905 ya nuna haske ma haka yake, Niels Bohr a 1913 ya yi amfani da wannan wajen bayanin zarrar haidurojin, Louis de Broglie a birnin Paris ya zo da batun cewa lantarki yana tafiya kamar igiyar ruwa a 1924. A 1926 Erwin Schrödinger ya rubuta lissafin da har yau shi ne ƙashin bayan darasin.

Shekara ɗaya bayan haka aka tsallaka katangar da ke tsakanin fizik da shimi. Walter Heitler da Fritz London, dukansu ƴan fizik, suka ɗauki lissafin Schrödinger suka nuna dalilin da ke sa zarra biyu na haidurojin su manne su zama abu ɗaya. Ƴan shimi sun daɗe suna zana wannan ɗauri da ɗan layi a allo ba tare da sanin tushensa ba. A 1929 Paul Dirac ya faɗi maganar da ƴan shimi ba su manta masa ba: dokokin da ke ƙarƙashin shimi gaba ɗaya an riga an san su, wahalar kawai lissafin ya fi ƙarfin warwarewa. Ɗan fizik yana jin rabin farko na maganar ya yi murmushi. Ɗan shimi rabi na biyu ya riƙe, domin nan aikinsa yake.

Dalili kuwa a fili yake. Lissafin Schrödinger yana warwaruwa tsaf idan lantarki ɗaya ne, kamar a haidurojin. Da an je hiliyom mai lantarki biyu, sai kimantawa. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit lantarki 92 gare shi. Don haka ƴan shimi, daga Linus Pauling da littafinsa na 1939 kan ɗaurin sinadarai zuwa Robert Mulliken, suka ƙware wajen dabarun kusantar amsa.

Wannan tarihi shi ne ake gani a aji. A jami'o'in da ke bin tsarin Faransa, ɗalibin shimi yana cin karo da kwantum da wuri, cikin darasin atomistik: lambobin kwantum huɗu, siffofin obital, yadda lantarki ke cika matakai har teburin Mendeleyef ya fito da ma'ana. Ana ba shi sakamakon, a ce ya yi aiki da shi. Ɗan fizik sai ya yi haƙuri, galibi sai wajen shekara ta uku ta lisans yake shiga mekanik kantik, wato darasin kwantum, bayan ya sha aljabara da lissafin sauye-sauye. Can ne zai gamu da ƙaton littafin Cohen-Tannoudji da abokan aikinsa Diu da Laloë, wanda ya fito a 1973.  Ɗan fizik zai iya kwashe makonni kan lantarki ɗaya tal da aka kulle a akwati, bai taɓa ko ƙwayar ruwa ba.

Masu ba ƙanne shawara a hutu sukan ce shimi ya fi sauƙi. A shekarar farko da gaskiyarsu, amma wanda ya gudu daga lissafi zai tarar da shi yana jiransa a mastar, a darasin nazarin haske da sinadarai. Tambayar da ta fi amfani ita ce me mutum ke son sani. Idan dalilin da ya sa silikon na faifan sola da ke kan rufin shaguna ke mai da hasken rana lantarki ne ya dame shi, fizik zai bi. Idan hankalinsa na kan ɗakin gwaji irin na matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 arewa da Damagaram, ko kan taki da magunguna, shimi ya fi kusa da buƙatarsa.

Katangar ma ta yi ƙasa. Kyautar Nobel ta shimi a 1998 Walter Kohn da John Pople suka raba, na farko ɗan fizik, na biyu da lissafi ya fara. Dabarunsu na lissafa halin sinadarai da kwamfuta yanzu suna cikin manhajoji, wasu ma kyauta ake sauke su daga intanet. Ga jami'ar da kayan gwaji masu tsada suka yi mata ƙaranci, wannan ne reshen binciken da ɗalibin mastar zai iya farawa da kwamfutar tafi-da-gidanka, ko daga wane sashe ya fito, muddin ya iya aljabara kuma wutar lantarki ta zauna.