Shunayya, Ruwan Malmo da Lambar Gwangwani

Bara ƙanwata ta sa a yi wa bango ɗaya na ɗakinta fenti shunayya mai duhu. Galan ɗin farko ya ƙare, saura kamar kamu uku daga ƙasa. Aka koma shago, aka tarar irinsa ya yanke. Mai shago ya ɗauko na wani kamfani ya ce, "Hajiya, ai duk fafal ne." Da fenti ya bushe sai ga bango kamar an yi masa maho, sama ya karkata ga ja, ƙasa ya karkata ga shuɗi. Ban ce mai shagon ya yi ƙarya ba. Sunan ne ya yi wa launin yawa, kamar babbar riga a jikin yaro.

Kalmar shunayya daga shuni take, kuma shuni ɗan marina ne, daga baba ake samun sa. Wanda ya taɓa riƙe rawani ɗan Kura ko turkuɗi ya san abin da nake nufi. An tsoma ƙyalle a karofi har ya kusa zama baƙi, an kai shi wajen masu bugu an zuba masa shuni an yi ta duka, sai ya fito yana walƙiya, shuɗi da wani ja-ja a cikinsa, yana barin shaida a goshi da yatsu. Ke nan shunayyarmu daga gefen shuɗi ta taso. Idan launin ya matsa zuwa ja sosai, Bahaushe sai ya bar ta ya ce ruwan hanta. A tsakani akwai ruwan malmo, sunan da na fi so, domin yana nuna maka abin da za ka iya tsinkowa ka ɗora a tafin hannu. Haka muke yi wa launi suna: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, ruwan makuba. Sai dai malmon da ya nuna luguf da wanda ya fara nuna ba launinsu ɗaya ba, to wanne ake nufi?

Sauran harsuna ma ba su tsira ba. Fafal ɗin da ake faɗa a kasuwa daga Turanci muka aro, Turawa kuma daga "purpura" ta Latin, sunan wani dodon koɗin teku da mutanen birnin Taya, a Labanan ta yau, suke tatsar rini daga jikinsa. Larabawa na cewa banafsaji, sunan fure ne. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana neman haɗa kwinin sai ya faɗa kan rinin da aka sani da "mauve", shi ma sunan fure ne da Faransanci.

Kamfanonin fenti kuwa suna raɗa suna ne don ciniki. Farrow & Ball na Ingila yana da wata shunayya mai duhu da ya kira Brinjal, wato baƙin yalo a bakin mutanen Indiya, da wata da ya kira Pelt. Ka nemi waɗannan sunaye a littafin launukan wani kamfani, ba lallai ka same su ba, in ma ka samu, ba abin da ya tilasta launin ya zo ɗaya.

Masu zane sun fi masu fentin gida sa'a. A jikin kwalin fentinsu ana rubuta lambar sinadarin da ya ba da launin. A kamfanonin fentin zane, abin da Winsor & Newton ke kira Winsor Violet, Golden ke kira Dioxazine Purple, Daniel Smith ke kira Carbazole Violet, duk lamba ɗaya ce a bayansu, PV23. Masu fentin ƙarfe da ƙofofi su ma suna da tsarin RAL da aka fara a Jamus a 1927. Idan ka ce RAL 4007, shunayya mai duhu guda ɗaya kake nufi, ko a Kano ko a Maraɗi. Lambar da ke kan bokitin fentin bango kuwa yawanci ta kamfanin ce shi kaɗai, ba ta da fassara a gidan wani.

Ko lamba ta dace, da sauran rina a kaba. Fenti mai mai yana ƙyalli, na ruwa yana shanye haske. Launi biyu kan yi daidai da hantsi, a kunna ƙwai da dare su raba gari, kuma ɗanyen fenti bai cika zama launin da zai bushe da shi ba.

Saboda haka, mai karatu, idan shunayya za ka shafa, sayi abin da zai ishe ka lokaci guda, ka juye galan-galan ɗin a bokiti ɗaya ka gauraya. In ya yanke maka, shafa tsohon a kwali, bari ya bushe, ka tafi da shi shago a aljihu. Ƙanwata dai sai da aka sake bangon nan gaba ɗaya.