Jita Mai Gurnani da Dawowar Faifai: Gurbin Arewa a Tarihin Kiɗan Rok na Najeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kiɗan rok mai nauyi da matasan Najeriya suka yi a shekarun 1970, da yadda kamfanonin Ingila da Amurka suka sake buga shi a faifai tun daga 2001. Ta nuna cewa da Arewa aka yi wannan tafiya, amma gurbin da aka ba ta ƙanƙane ne. Ta kuma duba abin da ya faru da makaɗan Nijar, da inda ya kamata a nemi ragowar labarin a kudancin Kaduna.

Kiɗan da yaƙi ya bari

Da aka gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, samari da yawa a garuruwan Gabas irin su Aba da Inugu sun fito ba aiki ba makaranta, sai jita. Sun saurari Jimi Hendrix da Santana, suka ɗauki wannan sauti suka aza shi a kan gangunan gida. Daga nan aka samu ƙungiyoyi irin su Funkees da Hygrades da Wings. A Legas kuwa BLO ta fitar da faifanta na farko a 1973, shekarar da ɗaliban kwalejin St. Gregory's suka fito da nasu da sunan ƙungiyarsu Ofege, a kamfanin EMI, ƙarƙashin kulawar Odion Iruoje.

Nauyin kiɗan daga wani ɗan akwati yake zuwa, wanda mai jita ke takawa da ƙafa. Da zarar ya taka, muryar jitar sai ta dushe, ta yi kaushi, ta koma gurnani kamar injin niƙa ya ci tsakuwa. Wanda ya saba da zaƙin hailaif zai ɗauka lasifika ce ta fashe. Su kuwa samarin wannan fashewar suke nema. Ƙungiyar Ofo the Black Company ta kai abin maƙura a 1972, a wata waƙa da aka rubuta sunanta "Allah Wakbarr".

Zamanin bai daɗe ba. Kiɗan disko ya zo ya kwashe masu rawa, kaset ya zo da masu kwafar sata, sannan faɗuwar farashin mai a shekarun 1980 ta sa kayan buga faifai suka yi tsada. Manyan kamfanonin ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu, kuma da yawa daga cikin zaren naɗin asali ya salwanta.

Masu tono

Shekara ashirin da wani abu bayan haka, masu tara faifai daga Turai da Amurka suka fara bin shagunan da aka rufe da ɗakunan ajiya. Kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001. Soundway na Miles Cleret ya biyo da Nigeria Rock Special a 2008 da The World Ends a 2010. A 2016 Now-Again na Los Anjalas ya fitar da Wake Up You! kashi biyu, tare da dogon bayani daga Uchenna Ikonne, ɗan Najeriyar da ya yi shekaru yana neman tsofaffin makaɗan nan ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ba ƙarami ba ne, kuma ya cancanci yabo. Inda babu zaren asali, tsohon faifai ake nema mai sauran lafiya, a wanke shi, a juye sautinsa cikin kwamfuta, a bi ƙaiƙayin da ƙura ta bari a goge shi ɗaya-ɗaya, sannan a yanka sabon tambari a buga. Ba don haka ba, da wasu waƙoƙin sun tafi ke nan.

Sai dai mai tono inda ya sani yake tonawa. Legas da Aba da Anaca su ne cibiyoyin naɗi da buga faifai a wancan zamani, can aka fi zuwa, labarin can aka fi rubutawa.

Arewa a gefen shafi

Duk da haka Hausa ta leƙo. A cikin Nigeria 70 akwai "Ikon Allah" ta Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, wanda ya kafa babbar ƙungiyarsa a Kaduna. Akwai kuma Bongos Ikwue, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. A 2019 kamfanin BBE ya sake buga "Wakar Alhazai Kano" daga taskar kamfanin Tabansi. Wadda ta fi kusa da rok zalla ita ce ƙungiyar Elcados da ta taso a Arewa, wadda waƙarta ke cikin Nigeria Rock Special da suna "Ku Mi Da Hankan".

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Kunnen duk mai jin Hausa zai gane cewa ana kiran mutane ne su mai da hankali. Amma a haka sunan ya zagaya duniya, a bangon faifai da shafukan sayar da kiɗa, ba tare da an gyara ko an fassara ba. Abin ya fi ƙarfin kuskuren rubutu. Idan mai rubuta tarihin waƙa ba ya jin harshenta, zai iya faɗin irin jitar da aka kaɗa da shekarar da aka naɗa, amma ba zai san da wa ake magana ba, ko me ya sa samarin da suke kwaikwayon Hendrix suka zaɓi yin nasiha da Hausa. Amsar tana cikin masu sauraronsu: sojoji a bariki, ma'aikatan reluwe, 'yan kasuwar Sabon Gari, mutanen da harsunansu suka bambanta, Hausa ce ta haɗa su.

Abin da Nijar ta nuna

Labarin Mdou Moctar ya bi wata hanya dabam. Buzu ne daga Nijar, bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da waƙoƙin finafinan Hausa suka shahara da shi. Ba a kai shi kasuwa ba. Daga waya zuwa waya ya bazu, ta bulutut da katin memori, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, bayan ya nemo mai ita. An buga Anar a faifai a 2014. Zuwa 2021 Mdou yana tare da kamfanin Matador na Amurka, jitarsa kuma ta yi nauyin da ake jera shi da manyan makaɗan rok na wannan zamani.

Bambancin shi ne an same shi da ransa da ƙuruciyarsa, ya faɗi labarinsa da bakinsa, aka raba kuɗi da shi. Haka kamfanin Sahel Sounds ya yi da Mamman Sani na Yamai, wanda aka sake buga kaset ɗinsa na 1978 a 2013. Makaɗan Najeriya na shekarun 1970 kuwa, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya kafin a zo neman su, sauran kuma sun tsufa.

Inda ba a tona ba

Kudancin Kaduna na cikin wuraren da wannan bincike ya kamata ya sauka. Kafanchan mahaɗar layin dogo ce tun 1927, inda layin Fatakwal ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos, kuma hanya ce da mutanen Gabas da kayansu suka bi shekara da shekaru. Daga Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun, a bi hanyar Kachia har Zonkwa da Kagoro, da wuya a shiga babban coci ranar Lahadi ba a ga jitar lantarki da jerin ganguna ba, ana rera waƙa da Hausa. Hannun da ke kaɗa su wani ne ya koyar da shi, shi ma wani ya koya masa. Wannan silsilar baka ce, kuma dattawan da suka san farkonta suna nan a kan benci na gaba. Akwai kuma taskar gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da Gidan Arewa da ke ajiye takardun tarihi tun 1970.

Shi kansa faifan ba ya jira. Roba ce, zafin watan Maris a ƙarƙashin rufin kwano yana lanƙwasa shi kamar ganyen da ya sha rana, ƙurar hunturu kuma tana cika ramukan da allura ke bi. Wanda ya tarar da irinsa a akwatin mahaifinsa, a tsaye ake jera shi, a inuwa, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. Kafin ya miƙa wa mai saye, ya ɗauki hoton bangon gaba da baya da tambarin tsakiya, domin a nan ne sunayen makaɗa da lambar kamfani suke, wani lokaci har da hatimin shagon da ya sayar da shi.