Zuma, Bagaruwa da Man Kaɗanya a Tarihin Jinyar Rauni

Tun kafin asibiti ya iso kudancin ƙasar Katsina, idan gatari ya sari manomi a Ruwan Godiya ta yankin Faskari, wurin wanzami akan kai shi. Cikin magungunan rauni na wancan zamani akwai garin bagaruwa, da zuma, da man kaɗanya. Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan itatuwa na Hausa a 1916, sa'an nan ya bayyana amfaninsu cikin littafinsa na 1937.

Wannan sani ba na Hausawa kaɗai ba ne, domin takardun likitocin Masar na fiye da shekara 3,000 sun ambaci sa zuma a rauni. Amma bayan da Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, ta kuma bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai likitoci suka juya wa zuma baya.

A 1988 Spencer Efem na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba ya ba da rahoton majinyata 59 masu rauni da gyambo, waɗanda galibinsu maganin asibiti ya gaza musu. Da aka sa musu zuma, 58 suka sami sauƙi ƙwarai. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da bandejin zuma.

Dalili kuwa shi ne, idan jiki ya ji rauni, fararen ƙwayoyin jini sukan fitar da wasu sinadarai masu kaifi don kashe ƙwayoyin cuta. In suka yi yawa, sai su riƙa cin sabuwar tsoka kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, rauni ya zama gyambo. Zuma da bagaruwa da man kaɗanya suna ɗauke da sinadaran da ke dakushe wannan kaifi. Baurin bagaruwa da majema ke jima da shi, shi ne kuma yake tsuke bakin rauni.

Sai dai zumar asibiti akan kashe ƙwayoyin cutar cikinta tukuna, garin da aka daka a turmi kuwa yana iya ɗaukar datti. Saboda haka aikin jami'o'i shi ne su auna, su tsabtace. Aikin hukuma kuwa shi ne ta hana saran kaɗanya don gawayi, domin itace ne da yake shafe shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya.