Shekara 15: Lambar Da Napoleon Ya Bar Wa Nijar

 Yau tarihi za mu taɓa. A dokar zaman jama'a ta Jamhuriyar Nijar, namiji ba ya aure sai ya cika shekara 18, mace kuwa 15. To, wa ya zaɓi wannan 15 ɗin? Ku biyo ni mu je Faransa.

A shekarar 1804 Napoleon ya kafa kundin dokokin zaman jama'a na ƙasarsa. Sashe na 144 shi ne ya ce namiji 18, mace 15. Sai batun yardar iyaye: saurayin da bai kai 25 ba, da budurwar da ba ta kai 21 ba, ba su da ikon ɗaura aure sai iyaye sun amince. Idan kuma uba da uwa suka saɓa, maganar uba ce ke tsayawa.

Yanzu ku saurari inda ciki ya shigo. Sashe na 145 ya bai wa hukuma damar ɗaga ƙafa idan akwai babban dalili, kuma dalilin da aka fi kawowa shi ne yarinya ta yi ciki. Sashe na 185 ya ƙara da cewa idan an aurar da yarinyar da shekarunta ba su kai ba, ta kuma ɗauki ciki da wuri, to ba a iya warware auren saboda ƙarancin shekaru. Kun gane? Cikin da ya kamata ya sa a tambayi wanda ya yi mata shi, shi ne ya zama hujjar tabbatar da auren. A ganina abin da dokar ke karewa shi ne sunan gida da asalin jariri. Ita yarinyar, ba wanda ya tambayi lafiyarta ko karatunta.

Yaya aka yi abin ya iso Nijar? Ta hanyar mulkin mallaka. A 1939 ministan Faransa mai kula da ƙasashen da take mulka, Georges Mandel, ya fitar da dokar da ta ce a yankinmu mace 14, namiji 16, kuma dole sai ango da amarya sun yarda da kansu. Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar ta ci gaba da aiki da kundin Faransa, da 15 ɗinsa. Galibin aure ma bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, ba ya bi ta gaban magajin gari.

Ita Faransa fa? A watan Afrilun 2006 ta mayar da shekarun mace 18, daidai da na namiji, ko da yake mai gabatar da ƙara na gwamnati yana iya ɗaga ƙafa har yau. Shekara 202 ta ɗauke su kafin su gyara. A Nijar kuwa, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin 18.

Don haka 'yan uwa, duk wanda ya ce muku 15 gadon kakanninmu ne, ku tambaye shi wane kaka. Mutane ne suka rubuta lambar a Paris, kuma mu ma muna da haƙƙin zama mu sake duba ta. Ku ajiye min ra'ayinku a ƙasa, musamman ku 'yan Maraɗi da Damagaram. Sai mun haɗu a shiri na gaba.