Daga bakin fensir zuwa elektirod mai ajiye wuta

Ɗauki fensir ka ja layi a takarda. Baƙin nan da ya fito girafait ne, wato siraran shimfiɗun kabon da ke jere kan juna kamar shafukan littafi. Da za ka iya zare shafi ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, to ka samu girafin.

Tun 1859 Benjamin Brodie na Jami'ar Oksfod ya jiƙa girafait a asid mai ƙarfi, shafukan suka sha oksijin suka kumbura. Shi dai a zatonsa wani sabon nau'in kabon ya gano. Hanyar tasa kuwa tana da haɗarin fashewa, kuma sai an yi kwanaki. A 1958 Hummers da Offeman suka fito da hanyar da ake gamawa cikin awanni, wadda har gobe ɗakunan gwaji ke bi da 'yan gyare-gyare. Sai 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare shafi ɗaya a Manchesta da salatif. E, salatif ɗin da ka sani. Suka ci kyautar Nobel a 2010.

Kafin nan, a 1971, Trasatti da Buzzanca a Italiya sun lura cewa oksaid ɗin rutiniyam yana karɓar caji ya sake shi nan take. Matsalar ita ce tsada. Oksaid ɗin manganis, baƙar hodar nan ta cikin batirin tocila, yana da araha, amma wuta ba ta ratsa shi sosai. Girafin kuma wuta na gudu a cikinsa, sai dai shafukansa kan koma su manne da juna.

Shi ya sa aka haɗa su. Ana tsoma elektirod mai girafin a ruwan gishirin manganis, a saki wuta kaɗan, oksaid ya riƙa kwanciya a kan shafukan yana raba su. Daga nan a riƙa hawa da sauka da ƙarfin wutar ana auna cajin da ya riƙe.

Amma ka yi hattara da manyan alkaluman da za ka gani a rahotanni. Da yawa a kan shafe siriri ƙwarai aka auna su, kuma da an ƙara kauri yadda na'urar gaske ke buƙata, sai su sauko.