Manhajar taswira da tsara hanya

Manhajar taswira da tsara hanya manhaja ce ta kwamfuta ko wayar hannu da ke nuna wa mutum inda yake, ta kuma zaɓa masa hanyar da zai bi zuwa inda ya nufa. Tana dogara ne da abubuwa uku: taswirar hanyoyi, na'urar GPS, da lissafin da ke gano hanya mafi kusa.

Tarihi

Tushen lissafin ya samo asali ne daga masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, wanda ya wallafa hanyar gano tazara mafi gajarta a shekarar 1959. A 1988 kamfanin NextBase na Ingila ya fitar da AutoRoute don kwamfutocin gida, daga baya Microsoft ya saye kamfanin. MapQuest ya fara aiki a intanet a 1996. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS ga farar hula, abin da ya sa na'urorin mota da wayoyi suka fara nuna wuri daidai. An kafa OpenStreetMap a 2004, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa, sannan Google Maps ya fito a 2005.

A Najeriya

Google ya kawo Street View birnin Legas a 2017, kuma a 2019 ya ƙara tsarin hanya na masu babur da muryar jagora mai lafazin Turancin Najeriya. Sai dai a yankunan karkara irin su ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, manhaja ba ta iya tura mutum ta hanyar da ba a zana ba. Da yawa daga ƙauyuka da rugage ba su da lambar gida ko sunan titi, kuma hanyar ƙasa da ake bi da rani kan yanke da damina.

Wani babban aikin zana ƙauyukan Arewa ya zo ne ta yaƙi da cutar shan inna. Tun daga 2012, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam wajen gano matsugunan jama'a, aka kuma bai wa masu rigakafi wayoyi masu GPS don a san unguwannin da suka kai da waɗanda aka tsallake. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Matsaloli

Rubuta sunayen garuruwa ba tare da ƙ, ɗ da ɓ ba, da maimaituwar sunaye kamar Unguwar Sarki ko Sabon Gari, na sa manhaja ta kai matafiyi wani wuri daban. Saboda haka direbobi a karkara har yanzu suna haɗa taswirar waya da tambayar mutanen gari.